Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Katsina: A Fara Bibiyar Damuwar Jama'a

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya na Jihar Katsina,
da shugabannin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ni tsohuwar ma'aikaciyar lafiya ce, na yi aikina a ƙananan asibitocin karkara na wannan jiha har Allah ya kawo lokacin ritaya. Buƙatar da ta sa na ɗauki alƙalami ɗaya ce. Ina roƙon ma'aikatarka ta fara bibiyar damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwar jama'armu, mazaɓa-mazaɓa, wata bayan wata, yadda take bibiyar ƙyanda da amai da gudawa da shan inna. Na rubuta a fili ne saboda akwai rabon masu unguwanni a cikin maganar, da limamai, da ungozomomi, da masu kemis, ina kuma so su ma su ji.

Mu 'yan matakin farko, in akwai abin da muka iya, to ƙidaya ce. Duk yaron da aka yi wa rigakafi sai an ja masa layi a takarda. Duk macen da ta zo awo tana da kati, an rubuta nauyinta da watannin cikinta da abin da awon jini ya nuna. Ƙarshen wata a tattara, a cike fom, a kai ƙaramar hukuma, a shigar a DHIS2, wato manhajar tattara bayanan lafiya ta ƙasa, mutumin da ke zaune Abuja ya buɗe kwamfuta ya ga yawan matan da suka haihu a asibitocin Kaita ko Baure. In ƙafar yaro ta shanye farat ɗaya a ƙauyen da ko mota ba ta zuwa, kafin ka ce me labari ya kai ga jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda muke kira DSNO, ya hau babur ya je, a ɗauki bayan gidan yaron sau biyu, a sa a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji. Su wa ke kai labarin? Mai ɗori, da ungozoma, da mai maganin gargajiya, da mai kemis, da matan da ke bin gida-gida. Da wannan tsari, da tsayawar sarakunanmu, aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka bayyana cewa nahiyar Afirka ta rabu da nau'in shan inna da ake kira na daji. Da ni aka yi wannan aiki, ina kuma alfahari da shi.

To amma ka tambaya ka ji, mata nawa ne a Batsari barci ya ƙaurace wa tun daren da aka kashe mazajensu? Samari nawa ne a birnin Katsina ba sa iya fita nema sai sun haɗiyi ƙwaya? Masu jego nawa ne suka kasa ko kallon jaririn da suka haifa? Mutum nawa ne ke ɗaure a ɗakin bayan gida a yau ɗin nan? Abin da za a ba ka hasashe ne, kowa da nasa.

Mutanen nan kuwa kullum suna kan bencinmu, sai dai ba da wannan suna suke zuwa ba. Mace za ta zauna gabanka ta ce: "Malama, kaina ke sara, ƙirjina na zafi, gabana na ta faɗuwa, dare ya raba ban iya kwana." Ba za ta ce ranta ne a ɓace ba. An yi mata tarbiyya a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a saninta asibiti wurin ciwon jiki ne. Ma'aikaci na hangen dogon layi a bayanta. Sai a soki yatsa a gwada maleriya, in bai nuna ba a tura ta gwajin taifot, gwajin da duk wanda ya san aiki ya san yana yawan nuna cutar da babu ita. A rubuta mata allura da ƙwayoyi, a sa "olsa" ko "ciwon jiki" a rajista. Bayan mako biyu ta dawo da kukan nan dai. Ta sayar da akuya, ta sha maganin taifot har ya gundure ta, an ɗaura mata ruwa, ciwo na nan. Ranar da wani ya sami sararin ce mata "Baiwar Allah, me ke faruwa a gida?" sai hawaye su riga magana fitowa. Ɗanta na hannun ɓarayin daji, an sayar da gona an kai kuɗi, sun ce a ƙaro babur. Wannan mata, a lissafin jiha, mai taifot ce. Ko inda fom ya bar gurbin ciwon ƙwaƙwalwa, sifili aka saba rubutawa. Sifilin nan shi zai hau har sama, mai tsara kasafin kuɗi ya gani ya ce ai babu matsala, ba sai an ware komai ba.

Ciwon da take faɗa gaskiya ne, babu raki a ciki. Idan mutum ya tsorata, jikinsa kan zuba sinadarai irin su adirenalin da kotisol a cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya hau, jijiyoyi su ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci, duk don ya sami ƙarfin gudu ko kare kansa. Allah ya shirya wannan ne don haɗari na ɗan lokaci. Wanda ya yi shekaru yana kwana da takalmi a ƙafa, yana zabura duk sa'ad da ya ji kukan babur, jikinsa bai taɓa samun damar saukowa ba. Daga nan sai rashin barci, ciwon kai, ƙwannafi, hawan jinin da ya ƙi jin magani, mantuwa, saurin fushi da duka a cikin gida. Uwar da damuwa ta danne kan kasa kula da yaro yadda ita kanta take so, bincike a ƙasashe da dama kuma ya nuna 'ya'yan irin waɗannan mata sun fi faɗawa cikin rama da tsumburewa. Jiharmu na cikin waɗanda tamowa ta fi addaba, tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke taya mu jinyar yara. Muna naɗa zaren awo a damtsen yaro, mu rubuta ja ko rawaya, mu ba da madarar gyaɗa. Uwar da ke riƙe da shi, da wuya wani ya tambaye ta yaushe rabonta da barcin kirki.

Ka fi ni sanin abin da jihar nan ta gani. Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume, ga kuma maƙwabtansu da wutar ta lasa daga baya. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su daji a ƙafa, sai bayan kusan mako guda aka sako su. Aka yi murna, 'yan jarida suka naɗe kayansu suka tafi. Yaran nan yanzu samari ne, wasu ma sun yi iyali, abin da suka gani yana tare da su. Akwai matan da aka dawo da su daga daji, wasu da ciki, gida ya yi shiru, unguwa ta yi shiru, ita kaɗai take cin abinta a rai. Akwai magidancin da bashin kuɗin fansa ya mayar da shi ɗan ƙwadago a gonar da a da tasa ce. Akwai waɗanda suka baro ƙauyukansu suka tare a kangaye da gidajen dangi a gefen birni, ba su cikin sansani balle sunansu ya shiga wata takarda. Akwai 'yan sa-kai da matasan rundunar tsaron al'umma da aka kafa a 2023, masu ɗauko gawar abokansu da safe, su koma gida da yamma da bindiga a kafaɗa. A wuraren da aka yi sulhu, ina addu'ar Allah ya ɗorar da shi, amma mace kan je kasuwa ta yi ido huɗu da irin mutanen da suka mayar da ita bazawara, ta dawo gida jiki na rawa.

Kada kuma a ɗauka inda ba a jin harbi lafiya lau ake. Ƙasar Daura ta fi samun sauƙin tsaro, amma rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa ƙarshen 2020, da sake rufewar da ta biyo juyin mulkin Nijar a 2023, sun karya mutanen da abincinsu ke kan hanyar Kongolam da kasuwar Mai'aduwa, kamar yadda suka karya na Jibiya. Aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin tiyar masara ya tashi. Na san magidantan da ke ficewa tun asuba don kada su ji yara na tambayar koko. Binciken shaye-shaye na ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, rahoton 2018, ya samu mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda. A 2018 ɗin ne aka hana kodin na tari, amma mai neman abin da zai kashe masa tunani ya koma tiramol da wiwi da sholisho. Yawancin matan auren da na gani suna sha, da neman barci suka fara.

Ina iyali ke kai mutum idan abin ya fi ƙarfinsu? Wurin malam tukuna, a yi rubutu, a yi tofi, a yi ruƙiyya. In ya fara duka ko yawo, sai ɗaki da kwaɗo, ko gidan mari. Ba mu manta da 2019 ba. A watan Satumba aka fara da Rigasa a Kaduna, a Oktoba 'yan sanda suka shiga irin waɗannan gidaje a Daura da cikin Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Rufe gidajen daidai ne. Sai dai mu tuna, yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can da kuɗinsu suka biya, suna kuka, domin ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. An rufe waccan ƙofa, ciwon da ya kai yaran bai rufu ba. Da akwai bibiya, da an san inda kowannensu ya ƙare, wanda ya sami magani, wanda ya koma kan titi, da wanda aka mayar cikin mari a bayan gidan ubansa, inda ɗan sanda ba zai taɓa shiga ba.

Doka ta riga ta ba ka madafa. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta ba mai ciwon haƙƙin magani da rufin asiri, ta hana azabtar da shi da wulaƙanta shi. Tun 1991 ma manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan matakin farko. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Talakan Sabuwa ko Zango da za a ce ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko ma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da shi. Binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a ƙasar Yarbawa a farkon shekarun 2000 ya gano cewa cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka sami wata kulawa a shekarar da ta gabaci binciken ba su kai ɗaya cikin goma ba. Can ke nan, inda asibitoci suka fi namu yawa, kuma babu ɓarayin daji a lokacin.

Saboda haka aikin nan, in za a yi shi, a hannun ƙananan ma'aikata zai kasance. Hukumar Lafiya ta Duniya ta san da haka, shi ya sa tun 2008 ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa nas da ma'aikacin lafiyar al'umma yadda zai gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da shaye-shaye, da haɗarin kashe kai, ya yi abin da zai iya, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa. Muna da makarantun fasahar lafiya a Kankiya da Daura, da ta ungozomomi a Malumfashi, da ta nas-nas a Katsina. A nan ya kamata horon ya zauna daram, kada ya tsaya a bitar kwana uku a otal.

Ita bibiyar kanta ba ta buƙatar sabon gini. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma na ga fuskoki masu murmushi da ke ɗauke da abin da ya fi ƙarfin dutse, don haka sai an buɗe baki an tambaya. Akwai gajerun tambayoyi da aka daɗe ana amfani da su a duniya. PHQ-9 tambaya tara ce kan makonni biyu da suka wuce, ana ma iya farawa da biyun farko kawai, in an ga alama a ci gaba. SRQ-20 ta Hukumar Lafiya ta Duniya tambaya ashirin ce ta e ko a'a, an tsara ta musamman don ƙananan asibitoci irin namu, tana tambayar ciwon kai da rawar hannu da rashin cin abinci kafin ta zo kan kuka da gajiya da rayuwa. Masu jego suna da tasu mai tambaya goma da aka fito da ita a Edinbura a 1987. A sa su a inda mutane suka riga suke zuwa da ƙafarsu, wato ranar awo, ranar rigakafi, wurin karɓar madarar tamowa, da layin masu hawan jini da ciwon suga, inda ake samun maza. A ƙara 'yan gurabe a fom ɗin wata, na yawan waɗanda aka tambaya, da waɗanda aka samu da alama, da waɗanda aka taimaka wa, da waɗanda aka tura gaba, da waɗanda suka dawo.

Ina roƙo kada a ɗauko takardar Turanci a miƙa wa ma'aikaci ya riƙa juyawa da ka, kowa da irin tasa Hausar. A ba malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da likitocin asibitin koyarwa aikin su zauna da matan ƙauye, da tsofaffi, da matasan majalisa, su gwada tambayoyin har su dace da bakin mutanenmu, a kuma yi na Fulatanci don rugage. A Zimbabuwe haka aka yi. Daga maganganun marasa lafiya da masu maganin gargajiya aka tsamo tambayoyi goma sha huɗu, sannan Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare, su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya a zama shida. Sakamakon gwajin da aka fitar a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Wace unguwa ce a Katsina ba ta da dattijuwar da ake kai wa ƙara, ko malamar Islamiyya da mata ke faɗa wa abin da ba sa faɗa wa mazajensu?

Asibiti kaɗai ba zai ba da cikakken hoto ba, domin wanda abin ya fi ci shi ne ba ya fitowa. A nan ne masu kawo labarin shan inna za su yi amfani. Mai kemis ya san ko masu neman maganin barci sun ƙaru a wannan wata. Ungozoma ta san mai jegon da ta ƙi ba da nono, take magana ita kaɗai. Liman da mai unguwa sun san yawan auren da ya mutu da gidajen da aka kulle mutum. Nas ɗin ɗakin gaggawa ta san sau nawa aka kawo wanda ya sha guba. A haɗa wannan da binciken gida-gida a wasu zaɓaɓɓun mazaɓu cikin 361 da muke da su, ko sau ɗaya ne a shekara, a koma waɗancan mazaɓun dai a baɗi. Amfanin maimaitawa shi ne a ga motsi. Za a ga ko abin na tashi ne a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, ko bayan hari da wata nawa yake lafawa, ko sulhu ya kawo barci ko bai kawo ba, ko tallafin da aka raba wa zawarawa ya taɓa zuciya. Gwamnati na kashe kuɗi masu yawa kan tsaro da jinƙai, wannan hanya ce ta sanin ko suna isa inda ake so.

Yanzu ga inda nake jin tsoro, ina kuma so ka tsaya nan da kyau, ranka ya daɗe. Ƙidayar nan na iya zama cuta in aka yi ta da ganganci. A garinmu, in aka ji yarinya ta taɓa shan maganin ƙwaƙwalwa, manemanta sun watse, har ƙannenta abin zai shafa. In aka ji magidanci ne, ba mai ba shi bashi ko riƙon amana. Don haka suna ya tsaya a katin mara lafiya, a kulle a asibiti. Abin da zai fita waje adadi ne kawai. Mai unguwa ya kawo labari, ya raka iyali asibiti in sun yarda, amma kada a ba shi littafin sunaye ya ajiye a zaure. Kada ma'aikaci ya ɗauki hoton rajista ya tura a WhatsApp, abin da ya zama ruwan dare a aikinmu. Kada a yi tambayar a gaban kishiya ko uwar miji ko a tsakiyar layi. Wanda ya ce ba ya so a tambaye shi, a ƙyale shi, a ba shi maganinsa ba tare da ɓata rai ba. Kada bayanan su zama hanyar kama ɗan shaye-shaye, in aka yi haka sau ɗaya ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya. Akwai Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023, a yi aiki da ita. Sannan kundin Penal Code da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 231, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake hukuntawa. Muddin iyali na tsoron ɗan sanda, in 'yarsu ta sha guba za su ce kuskure ne, ta ɗauka ruwa ne. Ina roƙon ka zauna da takwaranka na shari'a da malamai a kan wannan. Haramcin abin a addini ba ya hana a yi wa wanda Allah ya kuɓutar magani.

Kuma ba duk baƙin ciki ne ciwo ba. Matar da ke takaba za ta yi kuka, wanda ya kwana biyu bai ci ba zai amsa e ga rabin tambayoyin. Makin da aka samu a tambayoyin alama ce ta a zauna a saurara, ba hujjar rubuta ƙwaya ba ce. Wani abinci yake buƙata, wani a shiga tsakaninsa da mai binsa bashi, wata a raba ta da mai dukanta. Dole ma'aikaci ya san ƙofar da zai nuna, ko ta walwalar jama'a, ko ta zakka da waƙafi, ko ta kwamitin ci gaban mazaɓa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a tambaya a tafi. Mutanen ƙauyukanmu sun gaji da masu zuwa da takarda da biro, a sa su tono abin da ya same su, a ɗauki hoto, a hau mota. Wanda ya sa mace ta faɗi abin da aka yi mata a daji sannan ya ce sai an jima, daidai yake da wanzamin da ya tsaga maruru ya tafi bai matse ba bai ɗaure ba. Duk asibitin da za a fara tambaya a cikinsa, ya zama akwai wanda aka horar ya saurara, akwai magungunan damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya, waɗanda suke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa kuma yawancinsu ba su da tsada, akwai lambar likitan da za a kira a nemi shawara, akwai ranar da likitan ko nas ɗin ƙwaƙwalwa zai zo babban asibitin yankin. A tabbatar KATCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, da asusun lafiya na matakin farko suna ɗaukar nauyin magungunan, domin na watanni ne, wani na shekaru, kuma yanke shi a tsakiya ke dawo da ciwo.

Za a sami masu cewa wannan aikin Turawa ne, Musulmi ba ya damuwa, rashin tawakkali ne kawai. Da ladabi nake tunatar da su cewa Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kuma ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya umarce mu da neman magani. Ba na neman a raba mutane da malamansu, ba ma zai yiwu ba. A Ibadan da Kumasi an gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan matakin farko wajen jinyar masu taɓin hankali, sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna marasa lafiyan sun fi samun sauƙi. Malam ya ci gaba da addu'arsa, ma'aikaci ya zo da magani, a cire sarƙa da bulala da horon yunwa. Masarautun Katsina da Daura sun taɓa sauya ra'ayin jama'a kan rigakafi a lokacin da abin ya fi haka zafi, in aka je musu da girmamawa za su yi wannan ma.

Ban ce a fara da ƙananan hukumomi 34 a rana ɗaya ba. A ɗauki ɗaya daga masu fama da hare-hare, da birnin Katsina inda 'yan gudun hijira suka taru, da ɗaya daga ƙasar Daura, don a sami abin kwatantawa. A naɗa jami'i guda a kowacce wanda wannan ne aikinsa, a ba shi babur da mai. A buɗe wa aikin layinsa a kasafin kuɗi, kada ya rataya a wuyan ƙungiyar agaji da za ta tattara ta tafi in kuɗinta ya ƙare. A sa su kansu ma'aikatan cikin waɗanda za a tambaya, domin akwai waɗanda aka sace a bakin aiki, akwai masu karɓar haihuwa da fitilar waya suna jin harbi a bayan gari, washegari su buɗe asibiti.

Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ina roƙon a mayar da ita ranar da ma'aikatarka za ta karanta wa jama'a abin da ta samu, da Hausa, a Gidan Rediyon Jihar Katsina, mutum nawa aka tambaya, nawa aka taimaka wa, a ina magani ya yanke. Ina kuma roƙon amsar wannan wasiƙa a fili kafin a kammala kasafin kuɗi mai zuwa. Mu da muka yi ritaya muna nan da yawa a Katsina da Daura da Funtuwa, mun san ƙauyukan, mun san matan, in an kira mu horarwa ko zaman sauraro za mu zo.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya a matakin farko,
Katsina.